Dokar baƙin haure ta Nijar: ta ceci rayuka ne ko ta ƙara gawarwaki a Tenere?

Malamin makaranta, Maraɗi: Jama'a, ni har yanzu ina kan bakana. Soke dokar 2015-36 da Janar Tiani ya yi a watan Nuwamban 2023 kuskure ne. Dokar ta ce wanda aka kama yana safarar baƙin haure ya sha ɗaurin shekara 5 zuwa 10, a ƙwace motarsa. Ina laifinta? Dole ƙasa ta san wa ya shiga, wa ya fita.

Tsohon direba, Agadas: Malam, ka taɓa hawa bayan Hilux daga Agadas zuwa Dirku? Kafin dokar, ranar Litinin muke tashi, ayari guda, sojoji na rakiya. Kowa da jarkarsa ta ruwa an naɗe ta da buhu, ga sanda an kafa masa tsakanin ƙafafu ya riƙe kada ya faɗo in barci ya sace shi. Motarka ta lalace, ta baya za ta tsaya maka. Da aka fara kame a 2016 tafiya ba ta tsaya ba, hanya ce ta sauya. Aka koma tashin dare, ana kauce wa rijiyoyi don a can jami'ai ke jira. Direba ya hango ƙura, sai ya sauke mutane ya tsira da motarsa. A 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku, yawancinsu 'yan Najeriya da Gana.

Hajiya, Damagaram: Baba direba, Allah ya ja kwana, amma kada a yi kamar dokar ce ta kawo mutuwa. A watan Oktoban 2013 babu ita, aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Galibinsu mata ne da yara, da yawansu daga Kance, nan kusa da mu. Bara za su je yi. Wa ya raka su? Har zaman makoki ƙasa ta yi.

Tsohon direba, Agadas: Gaskiyarki Hajiya, Allah ya jiƙansu. Hanyar Aljeriya daban take da tamu, tun can a ɓoye ake binta. To dokar sai ta mai da hanyar Libiya ma irin wannan.

Ɗalibin shari'a, Yamai: Akwai abin da Malam ya tsallake. Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan Senegal ko ɗan Gambiya damar yawo cikin Nijar ba biza. Agadas Nijar ce, Dirku Nijar ce, Madama ma Nijar ce. Amma sai a tare direba a tsakiyar ƙasarsa, da fasinjan da bai tsallaka ko'ina ba, a ce ai niyyarsa Libiya. Wannan iyakar wa ake tsarewa? Bayan taron Valletta na Nuwamban 2015, inda Turai da Afirka suka zauna kan batun baƙin haure, ne Tarayyar Turai ta buɗe bakin aljihu, gwamnatin Issoufou ta matsa, lokacin Bazoum na ministan cikin gida.

Malamin makaranta, Maraɗi: Ƙanena, ai mun fita daga CEDEAO, hujjarka ta tsufa. Kuma ko Turawa ne suka nema, sai mu ƙi abin kirki don shi ya fito daga bakinsu? Kun manta hotunan da CNN ta nuna a 2017, ana cinikin mutane a Libiya? Motocin Agadas ne suka kai su.

Ɗan kasuwa, Kano: Malam, yunwa ce ta kai su, mota dai ta ɗauka. Kuma ku tambayi mutanen Agadas abin da suka ci bayan kamen. Masu sayar da jarka da rawani, masu abinci, bakanikai, masu gidajen da ake saukar baƙi, duk kasuwa ta mutu. Aka kuma rufe haƙar zinariya ta Djado a 2017. An yi wa tsofaffin direbobi alkawarin jari su sake sana'a.

Tsohon direba, Agadas: Alhaji, bar maganar jarin nan. Mun rubuta suna, mun cika takardu, kaɗan ne suka samu. Yaro ya san sahara, ba mota, ba aiki, kana tsammanin zaman gida zai yi?

Hajiya, Damagaram: To yanzu an soke, an yafe wa waɗanda aka ɗaure, ayari ya dawo. Ni tambayata ɗaya ce. Aljeriya na ci gaba da zubo mutane a bakin iyaka, su taka kilomita 15 a ƙafa zuwa Assamaka, cikinsu har da matan Kance da goyo. Da doka ana yi, ba doka ana yi. Baba direba, ayarinku na Litinin me ya yi musu? Malam, dokarka me ta yi musu?

Malamin makaranta, Maraɗi: Wannan tsakanin Yamai ne da Aljeriya, Hajiya.

Hajiya, Damagaram: A'a Malam, ba ka amsa ba. Kai ka ce dole ƙasa ta san wa ya fita. An san sun fita, an san daga wane gari. Sai aka yi me?