Faifan Coltrane da Hartman: faifan kasuwa ne ko aikin gwani?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana a kan faifan jaz da mai busa saksofon John Coltrane ya yi da mawaƙi Johnny Hartman a 1963, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ni a wurina faifan kasuwa ne. A watan Nuwamban 1961 Coltrane ya tsaya a gidan kiɗa na Village Vanguard da ke New York ya busa "Chasin' the Trane" kusan minti 16, ba fiyano, daga shi sai ganga da bas, wato babban abin kiɗan nan mai tsirkiya. A wannan watan John Tynan ya rubuta a mujallar DownBeat cewa abin da yake yi shi da abokin busarsa Eric Dolphy adawa ce da jaz. Me ya biyo baya? Furodusa Bob Thiele na kamfanin Impulse ya jero masa faifai uku masu sanyi: ɗaya da Duke Ellington, sai Ballads, sai wannan. Waƙa shida, minti 31. Daɗin ji akwai, amma an ɗaure mutumin ne don a kwantar da hankalin masu suka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru, tarihin da ka kawo daidai ne, Thiele da kansa bai ɓoye cewa yana da hannu a shawarar ba. Inda muka raba hanya shi ne cewa an ɗaure shi. An ɗauki faifan Hartman ranar 7 ga Maris 1963 a sitidiyon Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs. Ka san abin da aka yi a ɗakin ranar 6 ga wata? Mutanen nan huɗu, Coltrane, McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison a bas, Elvin Jones a ganga, sun wuni suna ɗaukar kiɗa mai zafi, har da "Impressions" sau da dama. Shi ne aka fitar a 2018 da sunan Both Directions at Once. Jiya wuta, yau sanyi, kuma hannu ɗaya ne ya yi su. Wanda aka tsorata ba haka yake yi ba.

Nasiru: Malam, ai ka ƙara mini hujja ne. Wanne aka fitar a 1963, wanne kuma ya kwana shekara 55 a ajiye?

Malam Habu: Tambaya mai kyau, amma duba sauran abin da kamfanin ya fitar. A shekarar nan ta 1963 suka saki faifan Impressions, da dogayen bushe-bushen Vanguard ɗin da aka zage shi a kansu. A 1964 ga Live at Birdland, mai ɗauke da "Alabama". Kamfanin da ke son ɓoye zafin Coltrane ba zai yi haka ba. Sannan ɗana, in kuɗi ake nema, Hartman za a ɗauko? A lokacin ba shi da wata babbar kasuwa. Da sai a nemo mai suna irin Sarah Vaughan. Coltrane ne ya ce Hartman yake so.

Anti Binta: Kun ga abin da ke ba ni haushi ke nan. Tun ɗazu Coltrane, Coltrane, kamar shi kaɗai ne a bangon faifan. Wannan faifan na Hartman ne kafin kowa. Mutumin da ya tashi a Shikago, ya yi waƙa a ƙungiyar Earl Hines, ya yi a ta Dizzy Gillespie, yana da murya mai kauri da ba ta rawa, amma ya shekara da shekaru ba a ba shi matsayinsa ba. Da aka kawo masa maganar ma sai da ya yi jinkiri, don bai ɗauki kansa mawaƙin jaz ba, kuma yana ganin busar Coltrane za ta fi ƙarfin irin waƙarsa. Sai da ya je gidan kiɗa na Birdland ya saurare shi, suka gwada tare, sannan ya yarda.

Ku saurari "Lush Life" da kyau. Billy Strayhorn ya fara rubuta ta yana saurayi, bai kai shekara 20 ba, kuma waƙa ce mai wahalar gaske, muryar tana hawa tana sauka a wuraren da kunne bai zata ba, manyan mawaƙa da yawa sun sha wuya da ita. Hartman ya shiga, shi da fiyanon Tyner kawai, ba ganga, ba busa, ba abin da zai fake a bayansa. Kowace kalma tana fita sarai, ba ya gaggawa, ba ya ƙawata abin da bai buƙaci ado ba. Labarin mutum ne da shaye-shaye da kaɗaici suka cinye, kuma ya faɗe shi ba tare da ya nemi a tausaya masa ba. Nasiru, wannan kake kira kayan kasuwa? Ya rasu a 1983, kuma mutane da yawa ba su san muryarsa ba sai da Clint Eastwood ya sa waƙoƙinsa a wani fim a 1995. Wallahi abin yana taɓa ni.

Nasiru: Anti, ban taɓa Hartman ba, Allah ya sani. Na yarda shi ne mafi kyawun aikinsa. Amma faifai zai iya zama ƙololuwar mutum ɗaya, ya zama hutun ɗayan.

Sadiya: Ni matsalata daban ce. Kullum ana cewa ba a taɓa haɗa saksofon da murya kamar nan ba, ni kuma ban yarda ba. Ku koma 1937 ku ji Lester Young a bayan Billie Holiday. Tana waƙa yana magana a ƙarƙashinta, numfashinsu ɗaya. Coltrane da Hartman kuwa yawanci karɓa-karɓa suke yi, wannan ya gama wancan ya ɗauka. A "You Are Too Beautiful" ma Tyner ne ya karɓi tsakiyar waƙar. Ladabi ya yi yawa tsakaninsu, kamar baƙi biyu.

Kawu Lawal: 'Yata, Lester da Billie ba a ja da su, amma kin auna wannan da ma'aunin da ba nasa ba. Ɗauki "My One and Only Love". Coltrane ne ya fara, ya busa waƙar tun daga kai har ƙarshe, wajen minti biyu, kafin Hartman ya buɗe baki. Da ƙyar ya ƙara wani abu a kan asalin karin. Yana ja inda mawaƙi zai ja, yana numfashi inda mawaƙi zai yi numfashi. Lokacin da Hartman ya shigo, kunnenki ya riga ya ji an rera waƙar sau ɗaya ba da kalmomi ba. Mu da muka saba da mawaƙi da 'yan amshi mun san wannan aikin: ɗan amshin kirki ba ya hawa kan baitin ubangidansa, yana jira ya sauke, sannan ya mayar masa da shi da nauyinsa. A "They Say It's Wonderful" kuma ai yana bin sa a baya, yana cike gurbin da ya bari. Don haka ba duka ne karɓa-karɓa ba.

Sadiya: Kawu, na ji bayanin, kuma zan sake saurarar ta farkon. Amma har yanzu Lester ne a gaba a wurina.

Nasiru: To bari in kawo abin da Coltrane ya faɗa da bakinsa. A hirarsa da Frank Kofsky a 1966 ya ce a wancan lokacin ya sa an gyara masa bakin saksofon ɗinsa, gyaran ya ɓata shi, ya kasa samun saurin da yake so. Ke nan lalura ce ta kai shi ga waƙoƙin sanyi.

Malam Habu: Ya faɗa, gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa riƙe abin busa zai gaya maka waƙar sanyi ce ke tona asirin mai busa. A cikin gudu kana iya ɓoye amo mara kyau, amma in za ka riƙe sauti ɗaya ka ja shi, komai a fili yake. Kuma ba 1963 ya fara ba. Ya ɗauki "Lush Life" ba mawaƙi tun 1958 a kamfanin Prestige. Ya rubuta "Naima" ya ɗauke ta a 1959, kafin Tynan ya rubuta komai. Wa ya matsa masa a lokacin?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya zo bayan nan. A watan Disamban 1964 ya ɗauki faifan A Love Supreme, wanda kai Nasiru kake ɗauka a kai. Kashi na huɗu, "Psalm", me ya yi a ciki? Ya rubuta addu'arsa a takarda, ya busa ta gaɓa bayan gaɓa, kamar mai karantawa. Saksofon yana furta kalmomi. Ba na cewa a wurin Hartman ya koya, amma kunnen da ya bi kalmomin Hartman a 1963 shi ne ya yi "Psalm". Ba za ka karɓi ɗaya ka ce ɗayan ba Coltrane ba ne.

Ummi: Ba wanda ya ambaci Elvin Jones. Mutumin da gangarsa ke cika ɗaki, a nan ya koma burushin waya yana shafa fatar ganga. Amma a tsakiyar "Lush Life", da Coltrane ya karɓa, ku ji yadda yake ninka bugun a ƙarƙashi yana tura shi gaba. Ƙungiyar nan ba barci take ba.

Nasiru: Maganar "Psalm" tana da nauyi, Malam, ban musa ba. Amma matsayina yana nan: in aka ce in zaɓi Coltrane mai sanyi, faifan Crescent na 1964 zan ɗauka, don "Wise One" waƙarsa ce, daga cikinsa ta fito. Waɗannan shida kuwa na Irving Berlin ne da Rodgers da Hart da sauransu, kuma Thiele ne ya buɗe ƙofar.

Anti Binta: Thiele ya buɗe ƙofa, amma ba shi ya busa ba. Ka je ka sa "Autumn Serenade", ta ƙarshe a faifan, ka ji inda Coltrane ya saki hannu bayan Hartman ya gama baitinsa, sannan ka dawo ka gaya mana ko an ɗaure shi. Kuma a jerin naka, ina ka ajiye Hartman? Har yanzu ba ka ba ni amsa ba.