Tuntuɓe ne kawai ko yatsan ya karye?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan'uwa. Shekaranjiya da asuba zan tafi masallaci, ga wuta an ɗauke, na yi tuntuɓe da dutse, kun dai san lungunan Birni. Ƙaramin yatsan ƙafata ya kumbura, ya yi baƙi har bayan ƙafa. Ina iya takawa, shi ya sa maƙwabcina ya ce targaɗe ne, in kawo ya ja mini. Wanda abin ya taɓa samu ya ba ni shawara.

Mai kabu-kabu: Sannu malam. Kar ka yarda a ja. Ni ma zancen nan ne ya cuce ni, wai wanda ya karye ba ya takawa. Moto ta faɗo mini a ƙafa bakin Kasuwar Dole, na yi kwana 5 ina aiki ina cije baki. Da aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, sai ga babban yatsa ya tsage har cikin gaɓa. Likita ya ce shi babban yatsa ƙashi 2 gare shi, sauran 3, kuma da shi ake tunkuɗa jiki wajen tafiya, don haka ba a jinyarsa a gida. Siminti aka sa mini, sati 6 ban hau moto ba. Cefane ma sai da ƙanena ya riƙe gidan.

Uwar tagwaye: Ni taɓarya ce ta suɓuce mini. Ma'aikaciyar jinya ta danna daidai kan ƙashin, na yi ƙara. Ta sa auduga tsakaninsa da yatsan da ke kusa, ta haɗa su ta naɗe da filasta, ba tamau ba. Ta ce in riƙa ɗora ƙafar bisa matashi, in naɗe ƙanƙara a tsumma in ɗora minti 15, in sha farasitamol, in bar silifa in sa takalmi mai taurin ƙasa. Ƙanƙarar ce aiki a Damagaram, kafin yaro ya kawo rabi ya narke. Sati 4 na koma daka.

Baba na Zango: Mu da muka tashi maɗori muka sani, kuma mun warke.

Mai kabu-kabu: Gaskiya ne Baba, amma maɗori ba ya ganin cikin gaɓa. A ɗauki hoto tukuna.

Ƴar Garin Malam: Baba, a yi mini haƙuri in sa baki. Mahaifina yana da ciwon suga, bai ma ji zafin ba. Aka ɗaure masa tamau, kwana 3 yatsan ya yi sanyi ya canza launi, da ƙyar aka ceto shi. Mai suga, ko wanda yatsansa ya karkace, ko ya mutu ba ya jin taɓi, ko fata ta fashe, asibiti kai tsaye. In da rauni a tambayi allurar tetanus.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Na je asibiti da safe, karaya ce amma ƙashin bai goce ba. An haɗa shi da na kusa kamar yadda Uwar tagwaye ta faɗa. Sallah a zaune nake yi yanzu, maƙwabcin kuma har yanzu yana cewa da na bari ya ja da tuni na warke.