Kyamara ta biyu: wacce zan haɗa da 6D Mark II don aikin biki a Jos?

Ɗan Anguwan Rogo:

Assalamu alaikum manyanmu. Aikina hoton biki ne da suna da walima a cikin Jos, wani lokaci har Bukuru. Canon 6D Mark II ce da ni guda ɗaya, da lensi 24-105mm f/4 da 50mm f/1.8, sai filash Godox V860 biyu da tiriga ɗaya, wato na'urar da ke kunna filash daga nesa. Na tara ɗan abin da zai sayi kyamara ta hannu kafin bukukuwan Disamba su kankama. Abin da ya ɗaure min kai shi ne: in ƙara wata 6D Mark II, ko in ɗauki 80D ko 90D, ko kuwa in tsallaka Sony A6400 tunda yanzu kowace amarya sai ta tambayi bidiyo? Wasu ma cewa suke asarar kuɗi ce, gara in sayi lensi. A taimaka da shawara.

Malam Mai Hoton Taminus:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai kyamarar da ke kwance a jaka kamar safayar mota, ba a tuna ta sai babbar ta mace. Akwai kuma wadda ke rataye a kafaɗarka tun safe da nata lensin. Ta biyun nan ita ke mayar da kuɗinta. A ɗaurin aure, tsakanin waliyyi ya ce ya bayar da wakilin ango ya ce ya karɓa, sai Fatiha, sai musabaha, duka bai fi minti biyu ko uku ba. Wanda ya tsaya kwance lensi a nan ya rasa hoton da aka biya shi dominsa.

Abu uku za su haɗa ta da wadda kake da ita: bakin lensi, batir, da takalmin filash, wato mazaunin filash a saman kyamara. Kyamararka tana cin batir LP-E6N. Gidan batir ɗin nan babba ne: 5D Mark III da Mark IV, 6D, 7D Mark II, 70D, 80D, 90D, har da marasa madubi irin su EOS R da R6 da R7, duk suna karɓarsa, caja ɗaya ta ishe su. Amma RP da R8 da 800D ƙaramin batir LP-E17 suke ci. RP tana da araha, tana da babban sensa (farantin da ke kama hoto a cikin kyamara) irin na taka, sai dai hoto wajen 250 aka ƙiyasta mata a caji ɗaya, taka kuwa wajen 1,200. A garin da ba ka da tabbacin wuta daren jajibirin biki, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Yanzu ga inda 6D Mark II take da rauni: ramin kati ɗaya gare ta. Katin ya lalace, aikin yini ya tafi, kuma biki ba a maimaita shi. 80D da 90D su ma rami ɗaya ne. Saboda haka in kuɗinka ya kai, nemi 5D Mark IV, in bai kai ba Mark III. Duka biyun suna da rami biyu, na babban kati CF da na ƙaramin kati SD, kana iya sa su rubuta hoto ɗaya a katunan biyu lokaci guda. Sai ka mayar da ita babba, 6D Mark II ta koma ta biyu. Ɗaurin aure da hoton dangi da duk abin da in ya ɓace za a kai ka gaban mai unguwa, mai kati biyu ce za ta ɗauka. A Mark III ramin SD ɗin ba shi da sauri, ko wane irin kati ka sa masa, don haka ɗanyen hoto mai nauyi (RAW) a CF, matsattsen hoto (JPEG) a SD, in ba haka ba za ta riƙa tsayawa tana haɗiya in ka harba a jere.

Maganar Sony kuwa, taura biyu ba ta taunuwa. Sabon batir, sabuwar caja, sabuwar tiriga, adafta, kuma launin fata daban.

Injiniya Rayfield:

Malam, a gafarce ni, ban yarda a ture 80D haka ba. In kyamarori biyu abu ɗaya suke yi, to ka sayi inshora ne kawai. Mai ƙaramin sensa irin 80D tana ba ka abin da babbar ba ta da shi. A Canon mai ƙaramin sensa ana ninka tsawon lensi da 1.6. Wato 50mm ɗinsa a kan 80D zai ba shi faɗin da 80mm ke bayarwa, daidai na hoton fuskar amarya, bai ƙara ko kwabo ba. Ran da ya sayi 70-200mm, zai zama kamar 112-320mm. A filin folo ko filin wasa na Rwang Pam, inda ba a barin ka matsa, wannan shi ne aikin.

Sannan maɓallan 80D da na 6D Mark II kusan a wuri ɗaya suke, allon duka yana juyawa, ɗigon fokas 45 ne a kowacce. Hannu ba ya ruɗewa. 5D kuwa tsarinta daban: tana da ɗan sandan zaɓen fokas a baya, allonta a kafe yake, maɓallan sama ma kowanne aiki biyu yake yi. A cikin duhun zauren dina yatsa zai je neman ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske, ya taɓa wani abu. Wani ƙarin: ɗigon fokas na 6D Mark II a tsakiyar hoto suka cunkushe, a 80D sun fi bazuwa zuwa gefe.

Gaskiyar da zan faɗa a kan 80D: daga ISO 3200 zuwa sama tsakuwa ke fitowa a inuwa, musamman a baƙar fata da shadda mai duhu. Don haka rabon aikin a fili yake. Da rana a waje, dogon lensi a ƙaramar. Da dare a zaure, 50mm f/1.8 ya koma kan babbar. Kada kuma ka ɗaura 24-105 a ƙaramar ka shiga ɗakin amarya, zai koma kamar 38mm a mafi faɗinsa, bango zai tare ka kafin ƙawaye su shiga hoto. A kula: lensin EF-S, irin 18-135 da ake yawan sayar da 80D da shi, ba ya hawa 6D ko 5D. Na EF ne ke hawa duka.

Masu cewa gara lensi ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kyamara biyu da lensi ɗaya na kirki, mota biyu ce da makulli ɗaya. Ka bar wani abu a kuɗin don 85mm f/1.8 ko 70-200mm f/4.

Anti Mai Gyaran Hoto:

Duk wadda ka saya cikin waɗanda suka faɗa, ɗana, wahalar kyamara biyu a gaban kwamfuta take fitowa, kuma a daren jajibiri ake maganinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Agogo tukuna. Ka saita su biyun har daƙiƙa. In ɗaya ta riga ɗaya da minti huɗu, ka zuba hotuna 1,500 a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka jera su da lokaci, za ka ga an yanka kek kafin amarya ta shigo. Dabarar ita ce kafin a fara, kowace kyamara ta ɗauki hoton agogon wayarka mai nuna daƙiƙa. Ko an samu saɓani, da hoton nan za ka gyara lokacin duka tarin a danna ɗaya.

Sai suna. 6D Mark II da 80D da 90D duk IMG_ suke fara sunan hoto, lambar kuma daga 9999 take komawa baya. Ka juye kati biyu a jaka ɗaya, kwamfuta ta tambaye ka ko ta maye gurbi, ka danna eh cikin barci, shi ke nan. 5D Mark IV tana barin ka canza haruffan farko. Wadda ba ta bari, ka mayar da tsarin launinta Adobe RGB, sunan zai koma _MG_. Wannan ga mai ɗaukar RAW ne kawai. Mai JPEG ya bar ta a sRGB, in ba haka ba launi zai fito a kwance a waya. Kowane kati kuma jakarsa daban, kuma kada ka cire kati daga wannan ka cusa a waccan ba ka goge shi a cikinta ba.

Launi. Kada ka bar su biyun suna zaɓar farin da kansu. Zauren dina na yanzu fitilu ne shunayya da ja da shuɗi suna yawo, kowace kyamara za ta yi nata hasashen, leshin amarya ya fito ruwan zuma a ɗaya, ruwan toka a ɗaya. Ka kafa lamba ɗaya: wajen 5200K zuwa 5600K in filash ne ke haska fuska ko rana ce, wajen 3200K in ƙwan fitila mai ja ne. Salon hoto ma iri ɗaya a duka.

Filash ɗin ma akwai tarko. Iyakar saurin shota da filash a 6D Mark II 1/180 ne, a 5D 1/200, a 80D da 90D 1/250. Da tirigar da kyamara ba ta gane ta ba, in ka zarce iyakar, baƙin layi zai kwanta a gindin hoto. Ka tsaya a 1/160 a duka, ka huta. Tiriga kuma ka sayi ta biyu mai harafin C, wato ta Canon, a tasha ɗaya da ta farko. Cire tiriga kana mayarwa shi ke kashe takalmin filash. In tirigar Godox XPro ce, akwai saitin SHOOT. Ka sa shi a na mutane da yawa, don kowace tiriga ta aika nata ƙarfin hasken duk lokacin da ta harba. In ka bar shi a na mutum ɗaya, filash zai zauna a ƙarfin da ɗayar ta bar shi, ka ga hoto ya ƙone ba ka san dalili ba.

Tunda Disamba ka ambata: ƙurar hunturu ita kaɗai ta isa hujjar kyamara ta biyu, domin duk buɗe bakin kyamara a waje gayyatar ƙura ce zuwa kan sensa. Sanyin Jos na asuba kuma yana rage ƙarfin batir, na ajiya ya zauna a aljihun ciki kusa da jiki. In ka fito daga sanyi ka faɗa zauren da ya cika da mutane, gilashi zai yi gumi. Bar kyamarar a jaka a rufe kamar minti goma.

Ɗan Anguwan Rogo:

Allah ya saka da alheri, Anti. To bidiyon fa? Shi ne ya sa nake hangen Sony.

Mai Bidiyo Bauchi Road:

Abokina, mutum ɗaya ba ya ɗaukar hoto da bidiyon biki lokaci guda ya yi su da kyau. Abin da kyamara ta biyu za ta iya shi ne ka kafa ta a kan mai ƙafa uku, ta kalli mazaunin amarya da ango ko mai wa'azin walima, kai kana yawo da ɗayar. A wannan aikin A6400 tana da hujja: tana ɗaukar 4K, ba ta da iyakar minti 30. 6D Mark II da 80D a 1080 suka tsaya, kuma su da 90D da 5D duk suna yankewa a minti 29 da daƙiƙa 59, sai ka je ka sake dannawa. Amma A6400 ba ta da abin hana girgiza a jikinta, batirinta NP-FW50 ƙarami ne, sai ka haɗa mata batir na bogi mai waya zuwa fawa-bank. Lensinka na Canon kuma sai da adafta irin Sigma MC-11, fokas ɗin bidiyo ta adafta ba abin dogaro ba ne.

In 4K kake so ba ka bar gidan Canon ba, 90D tana yi ba tare da ta yanke faɗin hoto ba, R7 kuma ta haɗa kati biyu da batir ɗinka da ɗauka ba yankewa, sai dai ka sayi adaftan EF zuwa RF. Kowacce ce, ka sa ta a tsarin PAL, firem 25, shota 1/50, domin wutarmu 50Hz ce. In ka bar ta a 30 da 1/60, fitilun zaure za su riƙa rawa a bidiyon. In janareta ne ba ya tafiya daidai, sai ka gwada 1/50 da 1/100 kana kallon allo. Sauti kuma kada ka dogara da makirfon kyamara a gaban lasifikar DJ.

Malam Mai Hoton Taminus:

Injiniya ya kawo hujja a kan maɓallai, na karɓa. Amma kati ɗaya a kyamarori biyu har yanzu kati ɗaya ne ga kowane hoto. In 80D ɗin ce aljihu ya iya, to katunan 32GB da yawa maimakon 128GB guda, a canza bayan kowane sashe na biki. RAW na 6D Mark II yana cin megabait 30 da ɗoriya, 32GB zai ɗauki wajen 900.

Ranar saye, ko daga kasuwar Banex ta Abuja aka kawo maka ko daga Legas, ka je da lensinka da katinka da laftof. An ƙiyasta shotar 80D da 6D Mark II a kan harbi 100,000, 90D 120,000, 5D Mark III da IV 150,000. Canon ba ta rubuta adadin a cikin hoto yadda Nikon ke yi, sai an jona kyamarar da kwamfuta ta USB an karanta da manhaja. Ka ɗauki sararin sama ko farar takarda a f/22, ka faɗaɗa: ɗigo mai laushi ƙura ce, tana gogewa, layi mai kaifi karce ne, ka ajiye musu abarsu. Ka rufe lensi da murfi ka ɗauki daƙiƙa 10 don ganin ɗigon sensa da suka lalace suna haske a cikin duhu. Ka haska ramin CF da tocilan, fil 50 ne a ciki, ɗaya ya lanƙwashe ramin ya tashi aiki. Ka ɗaura filash ka girgiza shi kaɗan ka ga ko TTL, wato awon haske na kai-tsaye tsakanin kyamara da filash, na ɗaukewa. Ka shinshina ɗakin batir. Warin danshi ko farin gari a kan sukurori alamar ruwa ya taɓa shiga.

Ka sa kuɗin ɗamarar kafaɗa biyu a lissafi. 5D Mark IV da batir gram 890 ce, taka 765, ga lensi ga filash, kilo uku da wani abu ne a wuya tun daga ɗaurin aure har dina. Sukurin da ke riƙe kyamara a ɗamarar yana kwancewa da kansa in ana yawo, ka riƙa murɗa shi duk lokacin da ka canza kati.