Baje kolin furen kamiliya a Macon: abin da kowannenmu ya gani

Mai buɗe zance, daga Atlanta:
Assalamu alaikum. A hunturun da ya wuce na bi ta Macon, a tsakiyar jihar Jojiya, sai na tsaya gaban wani allon tarihi da ke bakin titi. An rubuta cewa a babban kantin Burden-Smith aka yi baje kolin furen kamiliya na farko ga jama'a a watan Fabrairun 1932, kuma da aka watse aka kafa ƙungiyar masu noman kamiliya da wani furen da ake kira azaliya. Lokacin ne ya ɗaure mini kai, domin shekaru ne da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna na ta rufewa, amma mutane suka tsinko furen bayan gidajensu suka kai kanti don a kalla. Wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya ba mu labari.

Ma'aikaciyar jinya, daga Macon:
Wa alaikumus salam, Malam. Na je sau biyu, duka a rakiyar wata tsohuwa maƙwabciyata. Ba tukunya ake kawowa ba, fure ɗaya ake yankowa da ganye ɗaya ko biyu, a ɗora shi a bakin ɗan kofi mai ruwa, a ajiye kati mai sunan irin a gefensa, a naɗe wurin sunan mai shi don kada alƙalai su gani. Tsohuwar nan tun da asuba ta yanko nata, ta shimfiɗa auduga a cikin akwatin sanyi ta kwantar da su kamar jarirai, ta kuma hana ni taka birki da ƙarfi har muka isa. Duk da haka, fari guda da ta fi ji da shi bai samu komai ba, saboda sanyin dare ya bar masa ɗan tabo a gefe wanda ni sai da ta nuna mini na gani.

Ɗalibin aikin gona, daga Fort Valley:
Hajiya, wannan tabon shi ne ciwon kan masu furen fari a kowace shekara. Malam, a Macon ɗin dai aka kafa babbar ƙungiyar kamiliya ta Amurka a 1945, kuma hedikwatarta tana kusa da mu, a lambun Massee Lane da wani mai suna David Strother ya ba ƙungiyar kyauta a 1966. Na zaga shi a watan Janairu, iri sama da dubu. Sai dai kalmar “na farko” tana buƙatar gyara, domin tun ƙarni na 19 masu kuɗin Boston da Filadelfiya suna nuna kamiliyar da suka noma a ɗakunan gilashi. Bambancin jihohin kudu irin su Jojiya shi ne a nan itacen yana rayuwa a fili, don haka mai ƙaramin tsakar gida ma yana iya shiga gasa.

Direban babbar mota:
Ni a Mobile na fara ganin furen kamiliya, a jihar Alabama da ta mai da shi furen jiha a 1959. Na sunkuya na shinshina wani ja, ban ji ƙamshin komai ba, sai wani dattijo ya yi dariya ya ce yawancinsu haka suke. Shi ya gaya mini dangin ganyen shayi ne, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila. Hajiya, ko tsohuwar ta sake kai farin a bana?