Shawarwari kan tsofaffin agogon kiɗa na Baƙin Daji

Masu tara tsofaffin agogo da masu gyaransu sun tattauna kan agogon kuku (mai ɗan tsuntsun katako da ke leƙowa yana kukan "ku-ku") na yankin Baƙin Daji a kudu maso yammacin Jamus, da 'yan'uwansa masu busa sarewa ko ƙaho. Ga abin da aka fi tsayawa a kai.

Kafin a sayi agogo, a buɗe bayansa a duba zugazugin. Kukan "ku-ku" ɗin nan iska ce da ƙananan zugazugi biyu ke turawa cikin bututun katako biyu, ɗaya siriri, ɗaya mai kauri. In fatar ta bushe ta tsage, tsuntsun zai leƙo amma ba zai ce uffan ba. Wannan gyara ne mai sauƙi. Wanda ke cin kuɗi shi ne gangar katako mai ƙusoshi da ke cikin agogon sarewa, domin kowace ƙusa sauti ɗaya ce, kuma in ta lanƙwashe waƙar ta lalace.

Kan asali, an ce a nemi sunan maƙeri. A yankin, Johann Baptist Beha na garin Eisenbach ya yi suna a agogon kuku, Emilian Wehrle na garin Furtwangen kuma a agogon ƙaho. Siffar ƙaramin gida da aka saba gani ta samo asali ne daga zanen da mai tsara gine-gine Friedrich Eisenlohr ya yi wajejen 1850.

Ban da zuba man inji barkatai, ban da ajiya wurin danshi. Kowa ya yarda da wannan.