Tankin esansi a bayan kujera: in fitar da shi ko in bar shi inda yake?

Dan_Ader71:

Assalamu alaikum jama'a, masu sanin tsofaffin motoci ina neman shawararku. Muna da wata tsohuwar bashe Chevrolet C10 ta 1971 nan Tawa, mai silinda 6, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙan shi, ta daɗe aje cikin gida sai bara muka tada ta. Inji lafiya lau, buwat lafiya, ina ɗaukar kaya da ita zuwa Badagishiri, wani lokaci har Keita. Matsalar guda ce, tankin esansi cikin kabin yake, a tsaye bayan kujera kamar goyo, bakin zuba mai kuma yana jikin kabin ɗin ta gefen direba dab da ƙofa. In an cika ta lokacin zafi wari ba ya barin mutum ya rufe gilashi, kuma kana tafiya kana jin man yana kaɗawa a bayanka. Uwargida ta ce ita da yara sun bar shiga, ban ga laifinta ba.

Wani mai sudur, wato mai walda, a unguwarmu ya ce in kawo ya yi mini tanki na tol ya rataya shi a gefen shasi ƙarƙashin karosari, wai aikin wuni guda ne. Wani kuma ya ce a'a baya ake kai shi wurin tayar sekur. To wanne ya fi? Kuma in an kai shi baya pompin da ke jikin inji zai iya jawo mai daga can ko sai na lantarki? Allurar tablo fa, za ta ci gaba da aiki? Na gode.

Usta_Garaji_Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya bar maka mota ta kirki. Kafin ka kashe ko dala ɗaya ina so ka gane cewa tanki mai lafiya ba ya wari ko da cikin kabin yake, haka kamfani ya yi su har 1972 kuma mutane sun yi ta tuƙa su. In kana jin wari akwai inda yake fita. Kwantar da kujera gaba ka duba durit ɗin roba da ya haɗa bakin zuba mai da tanki, a motar da ta haura shekara 50 galibi ya bushe ya tsattsage, in ka matsa shi da yatsa za ka ga tsaga. Ka duba robar da ke zagaye da wuyan inda ya ratsa jikin kabin, da juwan ɗin fulotar, wato abin da ke auna yawan mai ya aika ma allurar tablo, a saman tanki, sannan ka sa hannu ƙarƙashin tankin ka shafa, nan ne ƙura da danshi suke taruwa tsatsa ta ci shi ta yi ƴan ƙananan huji da ido bai gani sai dai ka ji hannunka da laima. In roba ce kawai, kuɗin gyaran bai kai na cika tankin ba.

Amma in ka riga ka yanke sai ya fita, ni ba zan hana ka ba, lita wajen 75 na esansi a bayan yara ba abin wasa ba ne in an yi hatsari. Wurin da ya dace shi ne tsakanin ƙarfunan shasi guda biyu, bayan pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, inda tayar sekur take. Taya ta hau cikin karosari a ɗaure ta. Su can Amurka tankin Chevrolet Blazer ko Suburban na waɗannan shekarun suke sawa don shasin iri ɗaya ne, mu nan da wuya ka same shi, sai dai ka auna faɗi da tsawo da zurfi ka shiga wurin masu ferayi, wato tsofaffin kayan mota, da mita a hannu. Nan Yamai in ka bi kasuwar Katako da haƙuri ba ka rasa wanda zai zauna.

Kada kowa ya yi maka sudur a jikin shasi. Huji a gefen ƙarfen, ban da leɓen sama da na ƙasa, bulo masu ƙarfi, madauri biyu na ƙarfe, a sa roba tsakanin madauri da tanki ko ta tsohon shambur ce don kada girgiza ta goge shi. Kuma ka lura motarka rasor mai naɗi gare ta a baya in dai ba a canza ba, da wani sanda da ya gitta yana riƙe pon, to ka loda mata kaya ta zauna sosai sannan ka auna, don ratar da kake gani tana wofi ba ita ce ratar da za ta rage da buhu 10 na albasa ba. Eshafman ma, wato bututun hayaƙi, sai an karkatar da shi ya fita ta gefe, kada ya bi ta jikin tanki.

Mai_Bashe404:

Ni dai ban ga dalilin wanga wahala ba wallahi. Tsohin Land Cruiser da munka sani tankinsu ƙarƙashin kujera yake har 1979 da anka maida shi ƙasa, Land Rover ma da yawa tankin ƙarƙashin kujerar gaba yake, kuma da su anka ci hanyar Abalak da Agadas shekara da shekaru. Canza roba ka tahi abinka. Hanyar Keita hwa duwatsu ne, tanki a baya ƙasa-ƙasa dutse guda ya ishe shi.

Sani_Lantarki:

Mai_Bashe maganar dutse gaskiya ce amma tana da magani, tol mai kauri a ƙarƙashi kuma kada gindin tankin ya sauko ƙasa da pon. Abin da zan ƙara ɓangarena ne na waya, don nan ne mutane suke shan mamaki bayan an gama aiki an biya kuɗi.

Fulotar ta GM, kamfanin da ke yin Chevrolet, ta waɗannan shekarun tana aiki da ma'aunin lantarki da ake ce ma om, daga om 0 in tanki ya ƙare zuwa om 90 in ya cika, allurar tablonka da wannan lissafin aka yi ta. Motocin Japan da yawa nasu a juye yake, babban lamba in babu mai, ƙarami in ya cika, to in ka ɗauko tankin Toyota da fulotarsa ka haɗa kai tsaye, ka cika mota allura ta kwanta ƙasa, mai na raguwa tana tashi. Mafita ko dai a ɗauke tsohuwar fulotarka a dasa ta a sabon tanki a lanƙwasa sandarta daidai da zurfinsa, ko ka sayi agogo daban wanda ya dace da sabuwar. Sannan mas, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin ƙarfen mota, tunda an sa roba tsakanin tanki da madauri to tankin ba ya taɓa ƙarfe, dole a ja waya daga fulotar zuwa shasi a goge wurin ya yi fes. In mas babu a irin taka allura sai ta haye can sama ta tsaya, kai kana murna mai bai ƙarewa.

Batun pompi, yanzu tankinka yana sama ne, nauyin man kansa yana taimaka ma pompin inji. In ya koma baya ya yi nisa kuma ya yi ƙasa, aikin tsotso ya ƙaru. Pompi mai lafiya yana iyawa, Suburban da tanki a baya aka yi ta kuma irin wannan pompin ne a jikinta. Inda ake samun cikas shi ne zafinmu, a Afrilu da Mayu da rana ta haura 40 esansi yana iya zama tururi cikin tiyo in ya bi kusa da eshafman, mota ta mutu a hanya, ka jira ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Saboda haka tiyon ƙarfe na milimita 8 tun daga baya har gaba, a bi da shi cikin shasi ta gefen da babu eshafman, a kama shi da koliye, roba sai ƴar guntuwa a bakin tanki da bakin pompi. Fara da pompinka. In ya kasa sai na lantarki, a sa shi kusa da tanki kuma ƙasa da shi don turawa ya iya ba tsotso ba, da filtar a gabansa, da fizibil da rale, kuma a haɗa shi yadda in inji ya mutu shi ma zai tsaya. Ƙarami na karbiratar, ƙarfinsa kada ya wuce wajen rabin bar. Wanda ke zuwa cikin tankin motocin anjeksiyon yana kai bar 3, in ka bar shi ciki ka ba shi wuta karbiratar za ta yi ambaliya a kan inji mai zafi.

Alhaji_Konni:

Yaro, maganar rataye tanki a gefen shasi ta waje ka manta da ita. Su kansu masu motar sun gwada, daga 1973 zuwa 1987 GM ta fitar da tanki daga kabin ta sa shi a gefe wajen ƙarfen shasi, sai ya zama in wata mota ta buge ta a haƙarƙari babu abin da ya raba su da tanki sai tol na jiki. Shari'a kan shari'a aka yi ta yi. A 1992 gidan talabijin na NBC ya nuna motar tana kamawa da wuta, daga baya ta bayyana sun sa abin kunna wuta a gwajin har suka ba da haƙuri a 1993, amma duk da haka gwamnatinsu ta bincika, a ƙarshen 1994 aka sasanta kamfanin ya amince da biyan dalar Amurka miliyan 51 don ayyukan kiyaye hatsari. Kai da za ka bi hanyar Tsarnawa kana gogayya da manyan motoci, me ya kai ka?

Na biyu, mai waldar nan. Tankin tol da aka naɗe a unguwa ba tare da shinge a ciki ba, man zai riƙa gudu gefe zuwa gefe, a kwana in ya yi ƙasa bakin tiyo ya sha iska. Kuma kada ka yarda a kusanta wuta da tsohon tanki don an ce babu mai ciki, wanda babu mai ya fi mai mai haɗari, tururin da ya rage shi ke fashewa. Na ga wanda aka wanke da omo aka shanya, ana ɗora wuta ya kumbura ya yi tsalle, Allah ya kiyaye yaron gira kawai ya rasa.

Dan_Ader71:

Na gode ƙwarai Usta, Alhaji, Malam Sani, Allah ya saka da alheri. Na duba yadda Usta ya ce, durit ɗin ya tsage kam, amma ƙasan tankin ma da laima, fenti ya kumbura ya yi ƙuraje wajen kusurwar dama, da na kankare da farce sai tsatsa ta zubo hannuna na warin mai. Tunda ko ta yaya sai an nemi wani tanki gara in kai shi baya gaba ɗaya. Mai_Bashe ka yi haƙuri hhh. Saura bakin zuba mai, mai sudur ya ce a huda daɓen karosari a sa bushon, wato murfin, nan saman tanki kai tsaye, ya fi sauƙi. Ya kuka gani?

Usta_Garaji_Yamai:

Ya fi sauƙi gare shi, ba gare ka ba. Masu huda daɓe motar kwalliya gare su, bayanta kullum wofi. Kai ranar da ka loda albasa har sama mai ya ƙare maka a hanya, sai ka sauke buhuna a gidan mai kafin a kai ga bushon, kuma abin da ya zube kan kayan mutane zai zube. Fitar da shi ta gefe bayan tayar baya, ka ɗaga bakin sama gwargwadon iko don wuyan ya samu gangara, in ya kwanta mai zai riƙa dawowa yana tofar da mai zubawa. Durit na esansi za ka nema, na radiyata kama yake yi da shi amma esansi na narkar da shi. A haɗa ƙaramin tiyo daga saman tanki zuwa can kusa da bakin don iska ta samu hanyar fita lokacin zubawa, sannan tiyon numfashi daban a ɗaga shi sama ƙarƙashin karosari a lanƙwasa bakinsa ƙasa da ɗan filtar, saboda ƙurar hunturu da ruwan ƙorama da damina. In ka samu ɗan bawul ɗin nan mai rufewa in mota ta kife, sa shi.

Tsohon bakin da ke jikin kabin kuma cire shi a toshe ramin da tol. Wasu na barin bushon wai don kyau, ka tsaya gidan mai kana waya yaro ya buɗe wanda ya gani ya ɗura maka lita 20 bayan kujera. In an gama kada ka cika, zuba lita 10 ka bar ta ta kwana bisa siminti busasshe ko ka shimfiɗa kwali a ƙasa, da safe ka duba, sannan ka ƙara zuwa rabi ka ga abin da allura ta ce. Turo mana awon tsakanin shasin, faɗi da zurfi, in leƙa maka wurin masu ferayi a nan.