Me ya sa Amurkawa ke gina gida da katako?

Ga abin da na tsinta a hirarmu da 'yan uwa mazauna can. Babban dalili dai arha, su da Kanada Allah Ya hore musu dazuzzuka, ga lebura da tsada, kafintoci kuwa cikin 'yan makonni sun tayar da gida. Na Kalifoniya suka ce katako yana jure girgizar ƙasa, bulo tsagewa yake.

Amma wallahi gara da danshi ba sa wasa, duk mai son sayen gida ya fara kiran mai duba gara, ya leƙa ƙasan gidan da tocila, in ya danna katako ya ji taushi to mai saye ya haƙura. Inshorar gobara kuma kar a yi sakaci, kowa ya ga gobarar da ta ci gidaje a birnin Los Angeles a Janairun 2025.